Yadda Za Ka Daidaita Kafireton Tsohon Babur Ba Tare Da Ka Kashe Injin Ba

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da janye tallafin man fetur a Najeriya, akwai wata magana da kusan kowane bakaniken babur ya saba ji a bakin masu kawo gyara: "A ɗaure min kafireto, ya cika shan mai." Ni ma na faɗe ta. Babur ɗin da nake hawa tsohuwar Honda CG125 ce da kawuna ya bar min lokacin da ya daina hawa. Na kai ta wurin wani yaro a bakin titi, ya murɗa wani sukuru, ya taɓa wani abu a ciki, na biya na tafi ina murna. Bayan kwana biyu sai ga babur yana ta tari da safe, idan na saki totur salansa ta riƙa harbi kamar ana wasan sallah, zafin injin kuma har ta cikin wando nake jin sa.

Sana'ata rubuta manhaja ce, kuma da kaina na koya, ta waya da tsohuwar kwamfuta. Abin da wannan sana'a ta koya min shi ne, idan manhaja ta lalace ba ka canza wuri biyar a lokaci guda. Za ka fara gano inda matsalar take fitowa, ka canza abu ɗaya, ka gwada, ka rubuta abin da ka gani. Da na zauna na fahimci kafireto sai na ga hanyar ɗaya ce. Abin da ya bambanta kawai, a nan hannunka zai yi warin fetur.

Me kafireto yake yi?

Inji ba ya ƙona fetur shi kaɗai, sai an gauraya shi da iska. Domin fetur ya ƙone tas, kowane giram ɗaya nasa yana buƙatar kusan giram 14.7 na iska. Idan ka mayar da wannan lissafi zuwa lita, lita ɗaya ta fetur tana cin iska kusan lita 9,000. Wato babur ɗinka iska ya fi sha, man ɗan kaɗan ne a ciki.

Aikin kafireto shi ne auna wannan haɗi, kuma ba shi da batir, ba shi da kwamfuta, ba shi da na'urar da za ta gaya masa halin da injin yake ciki. Idan fistin ya sauka yana zuƙo iska ta cikin maƙogwaron kafireto. Maƙogwaron nan a tsuke yake a tsakiya, don haka iskar tana ƙara gudu a wurin, matsinta kuma ya ragu. Wannan raguwar matsi ita ke tsotso fetur daga ƙaramin kofin da ke ƙasa, ta cikin wasu 'yan ramuka da aka auna girmansu. Wani masani ɗan Italiya mai suna Giovanni Battista Venturi ne ya yi bayanin wannan ɗabi'a a 1797, shi ya sa ake kiran maƙogwaron da sunansa. 'Yan ramukan kuma su ne kanikawa ke kira jet, ƙananan ƙusoshi ne na tagulla masu huda a tsakiya.

Idan mai ya yi yawa a haɗin, babur zai yi nauyi, ya yi baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi, aljihunka ya ji jiki. Idan mai ya yi kaɗan, injin zai yi zafi fiye da kima. Wannan na biyun ya fi haɗari, domin babura irin namu iska ce kawai ke sanyaya su, kuma ɗan rarar man da ke shiga yana taimakawa wajen rage zafin cikin silinda. Ka hana shi wannan, bawul ya ƙone ko fistin ya kama. Kuɗin da ka tara na wata shida a rage shan mai ba zai sayi fistin da ringi da kuɗin aiki ba.

Kafireto ɗaya, hanyoyi uku

Ga abin da da na san shi tun farko da ban ɓata lokaci ba. Mai ba ta hanya ɗaya yake bi ba. A kafireto irin na CG125 da Jincheng da Boxer da sauran ƙananan babura, inda waya ke jan wani ƙarfe mai kama da ƙaramin gwangwani sama da ƙasa, hanyoyi uku ne, kowace da lokacin aikinta.

Daga silo zuwa kusan kwata na totur, ƙaramin jet ne ke aiki, tare da sukurun haɗi da ke jikin kafireton ta waje. Daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu, allura ce ke mulki, wato doguwar allurar nan mai tsini da ke rataye a jikin gwangwanin, wadda take fita daga raminta a hankali yayin da kake ƙara wuta. Daga nan zuwa ƙarshen totur kuma babban jet ne. Iyakokin suna ɗan shiga juna, amma wannan rabo ya isa ka yi aiki da shi.

Ka lura, buɗin totur ake magana, ba gudun babur ba. Kana iya tafiya a hankali a kan tudu da totur a buɗe duka, babban jet ne ke aiki a lokacin.

Amfanin sanin wannan shi ne, idan babur ɗinka yana shaƙewa ne kawai lokacin da ka murɗe totur har ƙarshe, duk murɗa sukurun waje da za ka yi ba zai taɓa matsalar ba. Sai dai ka ƙara wata a kan wadda kake da ita. Don haka ka samo farin salatif ka liƙa a jikin hannun totur, ka sa alama a inda yake a rufe, da inda yake a buɗe duka, ka raba tsakanin gida huɗu. Ka hau ka zaga, ka lura a wace alama matsalar ke bayyana. Wannan ɗan salatif ya fi min amfani a kan duk bidiyon da na kalla.

Akwai kuma wani gwaji mai sauƙi da cok. Cok yana ƙara yawan mai a haɗin. Idan injin ya yi zafi, ka kai totur inda matsalar take, sai ka ɗan ja cok kaɗan. In babur ya ji daɗi ya miƙe, to mai ne ya yi masa kaɗan a wannan wurin. In ya ƙara shaƙewa, ba ƙarancin mai ba ne.

Kafin ka taɓa kowane sukuru

Bayan yaron nan ya jagula min babur, wani dattijon bakanike a unguwarmu na kai wa. Ya daɗe yana sauraron ƙarar injin kafin ya ce komai.

Na ce, "Baba, ina ganin kafireton ne ya lalace."

Ya ce, "Ɗan nan, yaushe rabonka da wanke iyakilina?"

Na yi shiru, don ban ma san inda take ba. Da ya zaro soson sai ga shi ja wur da ƙura, ya yi tauri kamar busasshen burodi. Ashe asalin shan man da ya kai ni wurin yaron daga nan yake. Soso ya toshe, iska ba ta shiga sosai, injin yana tsotso mai fiye da kima. Shi kuma yaron, maimakon ya buɗe wa iska hanya, sai ya rage mai. Ya ce min mafi yawan abin da ake ɗora wa kafireto ba laifinsa ba ne, kuma daga baya na tabbatar da hakan.

Don haka ka fara da waɗannan. Iyakilina ta soso a wanke ta da kananzir ko ruwan sabulu, a bar ta ta bushe sarai, a shafa mata baƙin mai kaɗan a matse rarar. Man nan shi ke kama ƙura, busasshen soso ba ya tare komai. In ta takarda ce ba a wanke ta, sai dai a kakkaɓe ko a canza. A lokacin hunturu, musamman in kana bin hanyar da ba kwalta, ka riƙa duba ta duk mako biyu. Kada kuma ka yarda da masu cire ta gaba ɗaya wai don babur ya ƙara gudu. Iska za ta yi yawa, ƙura kuma ta shiga silinda ta riƙa cin ringi kamar sanfefa.

Sai fulogi. Tazarar bakinsa a irin waɗannan babura yawanci milimita 0.6 zuwa 0.7 ce. Tsohon fulogi yana kawo alamomin da za ka rantse na kafireto ne. Sai bawul, a injin da ke da shi. A CG125 tazararsa milimita 0.08 ce idan injin ya huce. Bawul da ya matse yana sa babur wahalar tashi da mutuwa a silo. In ba ka da ma'aunin tazara, wannan ka bar wa bakanike.

Na ƙarshe shi ne robar da ta haɗa kafireto da inji. A tsohon babur takan tsage, iska ta riƙa satar hanya ta bayan kafireto inda ba a auna ta. Alamarta ita ce idan ka ba da wuta ka saki, injin ya daɗe yana ihu kafin ya sauko. Ka tayar da babur a silo, ka fesa maganin wanke kafireto kaɗan a jikin robar. In ƙarar injin ta canza, akwai tsaga. Maganin nan yana kama wuta, don haka kaɗan za ka fesa, kuma nesa da salansa.

Daga tanki zuwa kofi

Fetur gangarowa yake yi da nauyinsa daga tanki, babu famfon da ke tura shi. Ƙaramin abu kan tare shi. Ka rufe makullin mai, ka zare tiyo daga jikin kafireto, ka sa bakinsa a cikin kwalba mai haske, ka buɗe. Ya kamata mai ya zubo a miƙe ba yankewa. Ka gwada a rizab ma. In yana ɗiga ne kawai, matatar da ke cikin makullin ta toshe.

In kuma ya fara zuba da kyau sannan ya tsaya, ka buɗe murfin tanki. Idan ya ci gaba da zuba, to 'yar hudar numfashi da ke jikin murfin ce ta toshe. Wannan matsala tana da ban haushi: babur zai yi tafiyar minti goma lafiya, ya mutu, ka jira kaɗan ya tashi, ya sake mutuwa. Mutane da yawa sun sayi sabon kafireto a kan hudar da allura za ta buɗe.

Ka ajiye kwalbar nan ta ɗan natsu, ka duba ƙasanta. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa kamar ƙwallo mai sheƙi. Jan gari kuma tsatsar tanki ce. Duk wanda ke shan mai a wurin 'yan bumburutu ya san ba kowace jarka ce mai tsabta ba, kuma ko a gidan mai ba a tsira ba. A farkon 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ƙasar nan, ya lalata ababen hawa da dama. Matatar mai ta roba da ake sawa a tsakiyar tiyo ba ta da tsada, ka sa ta, ka bi kibiyar da ke jikinta. In tankin ya yi tsatsa sosai, wanke kafireto aikin banza ne sai an wanke tankin, don cikin mako guda zai sake cika shi.

Ka yi duk wannan a fili, ba a ɗaki ko shago a rufe ba. Babu sigari, babu janareta a kusa. Kuma kada ka zuƙi fetur da baki.

Wanki

Ga inda wayarka za ta yi aiki. Ka ɗauki hoto a kowane mataki kafin ka cire komai, musamman yadda tiyoyi suke da yadda sifirin yake zaune. Ka shimfiɗa farin ƙyalle ka jera kayan bi da bi.

Kafin ka cire sukurun haɗi, ka murɗa shi ciki a hankali kana ƙirga zagaye har ya taɓa ƙasa, ka rubuta adadin a waya. Da zarar ya taɓa ka tsaya. Bakinsa siriri ne, in ka danne shi zai lanƙwashe ko ya karye a ciki. Wannan lamba da ka rubuta ita ce madogararka, kamar yadda muke ajiye kwafin manhaja kafin mu fara taɓa ta. Komai ya rikice, ka san inda za ka koma.

Sukurorin kofin suna da laushi, kuma na baburan Japan yankansu ya ɗan bambanta da na sukuddireba mai kuros da aka saba sayarwa. Ka nemi wadda ta zauna daram, ka danna da ƙarfi kafin ka juya, in ba haka ba kan zai cinye.

Ka cire jet biyun, ka ɗaga kowane ka duba ta hasken fitilar waya. Ya kamata ka ga rami a zagaye tsaf. Ƙaramin jet shi ya fi toshewa, don hudarsa ba ta kai rabin milimita ba. Babur da aka ajiye wata biyu ko uku da mai a ciki kusan kullum nan ne matsalarsa, saboda fetur in ya bushe yana barin wani danƙo. Ka jiƙa su a maganin wanki, ka hura da iskar famfon taya. Kada ka sa allurar ɗinki ko wayar ƙarfe. Tagulla tana da laushi, kuma lambar da ke jikin jet girman ramin take nunawa: a na kamfanin Keihin, lamba 100 na nufin kusan milimita ɗaya. Ka ƙara faɗin ramin da kashi goma cikin ɗari, man da zai wuce ya ƙaru da kusan kashi ashirin. In dole sai ka sa wani abu, silin buroshin roba ya isa.

Shawarata kuma, kada ka jefar da jet na asali don ka sayi sabon saiti mai arha a kasuwa. Na ga waɗanda lambar jikinsu daban, ramin daban. Ka ɗauki gaskit da robobi daga sabon saitin, ka bar tagullar da ta zo da babur in ba ta lalace ba.

A cikin kofin akwai wata 'yar roba mai iyo a kan mai, wadda ke tura ƙaramar allura ta toshe hanya idan kofin ya cika. Irin aikin ƙwallon da ke cikin tankin ruwan bayi ne. Idan ka ga fetur na zuba ta tiyon ƙasa, abin da ake kira obafulo, to ko datti ya maƙale a bakin allurar, ko bakin ya cinye ya yi zobe, ko robar ta huje ta sha mai. Ka girgiza ta kusa da kunne, in ka ji motsin ruwa a ciki ta gama aiki. Tsayin man da ke cikin kofin yana shafar hanyoyin nan uku duka: in ya yi sama haɗin ya yi nauyi ko'ina, in ya yi ƙasa babur ya riƙa yunwa a kan gudu. Kowane kafireto da nasa ma'aunin, ka nemi littafin gyaran babur ɗinka a intanet ka duba. Ba wurin kintace ba ne.

Daidaita silo

Sai yanzu aka zo kan sukuru. Guda biyu ne a waje, kuma mutane na rikita su. Ɗaya babba ne mai sifirin, yana tokare gwangwanin, aikinsa ɗaga silo ko sauke shi kawai. Ɗayan ƙarami ne, shi ne na haɗi.

Na haɗin ma iri biyu ne, kuma aikinsu kishiyar juna ne. In yana ɓangaren da ke kallon iyakilina, iska yake aunawa: ka kwance shi iska ta ƙaru, mai ya ragu. In yana ɓangaren inji, galibi ta ƙasa, mai yake aunawa: ka kwance shi mai ya ƙaru. Wanda bai san wannan ba zai iya shafe awa yana murɗawa ta inda bai dace ba.

Ka hau babur minti goma ya yi zafi sosai, cok a kashe. Duk saitin da aka yi wa inji mai sanyi ƙarya ne. Ka kafa shi a kan jak na tsakiya, ka mayar da sukurun haɗi kan lambar da ka rubuta. In ba ka yarda da ita ba saboda wani ya riga ya jagula, ka fara daga zagaye ɗaya da rabi. Ka ɗan ɗaga silo sama da yadda aka saba. Sai ka juya sukurun haɗi kwata ɗaya, ka jira daƙiƙa goma sha biyar, ka saurara. Ƙarar ta ƙaru ko ta ragu? In ta ƙaru ka ci gaba ta wannan ɓangaren, in ta ragu ka koma ɗayan. Abin da kake nema shi ne wurin da injin ya fi sauri kuma ya fi santsi. Idan ka same shi, ka ɗan karkata kaɗan zuwa ɓangaren ƙarin mai, kamar rabin kwata. Daga nan ka sauke silo da babban sukurun. A CG125 kusan juyi 1,400 ne a minti.

Akwai manhajojin waya da ke ƙiyasta juyin inji ta hanyar sauraron ƙara. Na gwada, suna taimakawa wajen ganin ko ya hau ko ya sauka, amma sai ka gaya musu silinda ɗaya ce da kuma irin injin, in ba haka ba su ba ka ninki biyu ko rabi. A wuri mai hayaniya kunnenka ya fi su.

Idan ka juya sukurun ko'ina babu abin da ya canza, ko kuma sai da ka kwance shi fiye da zagaye uku kafin injin ya ji daɗi, kada ka ci gaba. Hanyar ƙaramin jet ba ta wanku ba, ko iska na shiga ta wani wuri. Ka koma baya.

Allura da babban jet

A saman allura akwai 'yan tsagogi, a yawancin tsofaffin kafireto guda biyar, da wani ƙaramin kilif da ke zama a ɗaya daga ciki. Masana'anta kan sa shi a tsakiya ko kusa da nan. Ka sauke kilif ƙasa, allura ta ɗaga, mai ya ƙaru. Ka hau da shi sama, allura ta nutse, mai ya ragu. Wannan shi ne abin da yaron nan ya yi min: ya kai kilif tsagar ƙarshe ta sama. Tunda yawancin tafiyar cikin gari a tsakiyar totur ake yin ta, babur ya kasance cikin yunwa kusan duk yini.

Tsaga ɗaya za ka matsa, ka hau ka gwada, ka rubuta. Idan mai ya yi kaɗan a nan, babur zai riƙa jan baya yana sakewa a tafiya mai ɗorewa, ko ya yi ɗif na ɗan lokaci idan ka ba da wuta. Idan ya yi yawa, zai riƙa burburwa kamar mai mura, ya ƙi washewa.

Wani abu da ba a cika dubawa ba a tsohon babur: allurar nan shekara da shekaru tana gogar bututun da take shiga, har ramin ya daina zama zagaye ya koma kamar ƙwai. Daga nan mai zai riƙa wucewa fiye da kima, kuma babu saitin da zai gyara. In iyakilina tsaf take, tsayin mai daidai, amma fulogi na ta yin baƙi, ka canza allurar da bututunta tare.

Babban jet kuwa, in injin da salansa da iyakilina duk na asali ne, ka bar lambar da masana'anta ta sa. Masu canza shi galibi waɗanda suka sauya salansa ne. In kana shakka, ka sami miƙaƙƙiyar hanya marar cunkoso, da hular kwano a kanka, ka buɗe totur duka a giyar sama, sannan ka ɗan rage kaɗan. Idan babur ya ƙara ja lokacin da ka rage, jet ɗin ya yi ƙanƙanta.

Fulogi ne shaidarka a duk wannan. Ka riƙe totur a wurin da kake gwadawa na ɗan lokaci, ka kama kuloci ka kashe injin nan take ba tare da ka bar shi ya yi silo ba, ka gangara gefe. In ya huce ka cire fulogi ka dubi farin kaskon da ke tsakiya. Kalar shayi mai madara ita ake so. Baƙi busasshe kamar gawayi, mai ya yi yawa. Fari fat ko mai ƙuraje, mai ya yi kaɗan, kuma wannan kada ka ƙara tafiya a haka. Baƙi mai maiƙo tare da shuɗin hayaƙi a injin da ba a haɗa masa mai, wannan baƙin mai ne ke haurowa ta ringi, ba ruwan kafireto. Ka riƙa ɗaukar hoton fulogin a hasken rana bayan kowane canji, kwatanta hotuna ya fi dogara da tunani.

Masu babur mai tu-sitirok, irin Suzuki AX100 da Jincheng da aka kwaikwaya daga gare ta, ku ƙara kula. Da yawa an cire musu famfon man inji, ana zuba shi kai tsaye a tanki. In haka naka yake, duk man da ke shafe fistin ta cikin jet yake bi tare da fetur. Ka rage fetur, ka rage shi ma.

Saitin Kano ba na Jos ba ne

Tunda kafireto bai san nauyin iskar da yake zuƙa ba, yanayi na canza masa lissafi. Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi. Tsakanin asubar hunturu mai digiri 12 da ranar Afrilu mai digiri 40, bambancin ya kai kusan kashi goma cikin ɗari. Shi ya sa babur da aka ɗaure wa mai a lokacin zafi yake ƙin tashi idan sanyi ya shigo. Haka tudu: Jos tana sama da teku da kusan mita 1,200, Kano kuma ba ta kai 500 ba. Iskar Jos ta fi sauƙi, don haka babur da aka saita a Kano zai ɗan yi nauyin mai a can, wanda aka saita a Jos kuma zai ji yunwa in ya sauko. Baburan zamani masu injekta suna da na'urorin da ke auna wannan su gyara da kansu. A naka, kai ne na'urar. Ziyarar kwana biyu ba ta buƙatar komai, amma in ka koma da zama, ko yanayi ya juya, kwata ɗaya a sukurun haɗi yakan wadatar.

Auna shan man da gaske

"Ina ji kamar ya rage sha" ba awo ba ne. Ka cika tanki har wata alama da za ka gane, ka rubuta lambar mita. In mitar ta mutu, kamar ta yawancin tsofaffin babura, ka kunna manhajar taswira ko ta masu motsa jiki ta riƙa ƙirga maka nisa. Ka yi zirga-zirgarka ta kwana uku ko huɗu, ka koma ka cika zuwa alamar nan, ka raba kilomita da litar da ta shiga. Misali kilomita 120 a lita 3, kilomita 40 ke nan a kowace lita. Ka yi haka kafin ka taɓa komai, ka maimaita bayan kowane canji, a hanyoyin da ka saba bi.

Idan kafireto ya daidaita amma lambar ba ta yi maka daɗi ba, ka kafa babur a jak ka juya tayoyin da hannu. Birki mai kamawa, sarƙa busasshiya ko wadda aka ɗaure da yawa, da taya marar isasshiyar iska, duk fetur suke ci. Ka shafa hannu a ƙarƙashin makullin mai da safe ka ji ko da danshi, kuma ka riƙa rufe shi duk lokacin da za ka ajiye babur ya kwana.